Daga Burmi Zuwa Gadarif: Hausar da Injinan Harshe Ba Su Karanta Ba

A shekarar 2024 wata tawagar masu bincike, wadda ta haɗa da mutanen Jami'ar Oxford da na Bankin Duniya, ta fitar da wani injin harshe mai suna NaijaXLM-T. Injin harshe manhaja ce ta kwamfuta wadda ake ɗura wa rubutu mai ɗimbin yawa har ta gane yadda kalmomi suke bin juna, sa'annan a sa ta aiki, kamar fassara ko rarrabe saƙon yabo da na zagi. An horar da wannan injin da saƙonnin Twitter biliyan 2.2, waɗanda aka wallafa tsakanin Maris na 2007 da Yuli na 2023. Hanyar da aka bi aka zaɓo saƙonnin ita ce abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a kai. An duba shafin kowane mai amfani da dandalin, in ya rubuta cewa a Nijeriya yake zaune, sai a kwashi saƙonninsa. Mutum miliyan 2.8 aka samu ta haka. Wato taswirar ƙasa aka yi rariya da ita.

Rariyar ba ta da aibu ga mai son nazarin Nijeriya, kuma sunan injin bai ɓoye komai ba. Amma Hausa ta girmi Nijeriya, ta kuma fi ta faɗi. A gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, kusa da iyakar Habasha, akwai birnin Gadarif. A unguwanninsa da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara ana haihuwar yara da Hausa a baki, ana ciniki da ita, ana zaman makoki da ita. Wannan Hausar ba ta cikin abin da injinan suka karanta, kuma dalilin ya samo tushe ne tun shekarar 1903.

Hanyar gabas

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa da Barno suna bin hanyar gabas zuwa aikin hajji, ta Wadai da Darfur, su tsallaka Nilu su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Tafiya ce ta shekaru. Mutum yakan tsaya ya yi noman damina ɗaya ko biyu, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wani ya yi aure a hanya, wani ya rasu, wani kuma zama ya kama shi. Larabawa suna kiran waɗannan baƙi Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur, kuma daga nan kalmar takari ta shigo mana. Wani sunan kuma shi ne Fallata, wanda asalinsa na Fulani ne amma aka yafa shi a kan duk wanda ya fito daga yamma. A ƙarni na 19 garin Galabat, a kudu maso gabashin jihar Gadarif ta yau, yana hannun shehunan Takarir, mafi yawansu mutanen Darfur da ƙasashen da ke yamma da ita. Baturen nan matafiyi Samuel Baker ya same su a can a 1862. Ita kanta Gadarif a lokacin kasuwa ce ta Larabawan Shukriyya, ana ce mata Suk Abu Sin.

Bayan hajji akwai wani abin da ke jan zukata zuwa gabas. A Daular Usmaniyya an daɗe da imani cewa daga can Mahadi zai bayyana, kuma a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi ƙaura ta tarye shi. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Saboda haka lokacin da Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi ta a ranar 15 ga Maris, tambayar da ta raba malamai ita ce a zauna ƙarƙashin Nasara ko a yi hijira. Waziri Buhari ya zauna. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita, jama'a kuma ta yi ta barin gonaki tana bin sa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka gwabza a ranar 27 ga Yuli 1903, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira har bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, wanda ake kira Nil Azrak. Garin da suka kafa kusa da Sinnar har yau sunansa Mai Wurno.

Ga abin mamaki: sun guje wa Ingilishi a Sakkwato, sun iske shi a Sudan, domin tun 1898 Kitchener ya karya daular Mahadiyya. Gwamnatin da suka tarar kuwa tana neman hannun aiki ido rufe, saboda yaƙi da yunwa sun rage mutane. Jirgin ƙasa ya kai Ubayyid a 1912, abin da ya rage wa mahajjata tafiyar ƙafa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe noman auduga na Jazira, Hausawa da Barebari da Fulani suka zama ƙashin bayan tsinkar audugar. A 1928 layin dogo ya iso Gadarif. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a baƙar ƙasar laka da ke kewaye da birnin, a yankin Gadambaliya, har Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Tarakta tana huɗa tana shuka, amma shema da yankan riɗi sai hannu, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jira, kwansonsa fashewa yake yi ya zube. Kowace kaka ana bukatar dubban leburori. Mahajjacin da ya tsaya neman kuɗin jirgin ruwa ya sami aiki, ya sami fili, ya kafa bukka. Masanin nan C. Bawa Yamba, wanda ya yi nazarin irin waɗannan al'ummu a Jazira, ya iske jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu a matsayin matafiyan da ba su ƙarasa Makka ba tukuna.

Doka ba ta tausaya musu ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin ma'auni: wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun daga ranar, shi ne ɗan asali. Mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru. An sassauta ma'aunin daga baya, amma tabon kalmar baƙo bai goge ba.

Abin da ya faru a gida bayan tafiyarsu

Masu hijira sun tafi da Hausa a baki da ajami a allo. A bayansu aka yi wa harshen sabuwar riga. Gwamnatin Lugard ta zaɓi haruffan Rumawa domin aikin mulki. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma buga ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta tabbatar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939. Karin harshen Kano ya zama daidaitacciyar Hausa. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, shekarar da aka yi waccan dokar a Khartum.

Duk wannan gini bai ratsa Gadarif ba. Yaron da aka haifa a can yana zuwa makarantar allo, wadda suke kira khalwa, sa'annan ya shiga makarantar gwamnati inda Larabci ne harshen koyarwa. Takardar haihuwarsa da allon kan titi da jaridar da mahaifinsa ke karantawa duk da Larabci suke. Yana iya sauraron rediyon Hausa ya fahimta sarai, amma ba a taɓa zaunar da shi an koya masa bambancin k da ƙ a rubuce ba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya buga littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, shi da Catherine Miller kuma suka yi nazarin zaman al'ummun Afirka ta Yamma a jihar Gadarif. Aikinsu ya nuna harshe mai rai wanda yake aro daga maƙwabcin da ya fi shi ƙarfi, kamar yadda Hausar Kano take aro daga Ingilishi, ta Maraɗi kuma daga Faransanci. Inda Bakano zai ce mota da asibiti, Bamarade ya ce lakwal da mushe, mutumin Gadarif yana zaune ne cikin duniyar arabiyya da mustashfa da madrasa.

Ɗalibi ya lura cewa aron Larabcin nan hawa biyu ne. Akwai tsohon aro wanda kowane Bahaushe ya gada, irin su littafi da alƙali da lokaci, waɗanda suka narke har ba a jin baƙuncinsu. Akwai kuma sabon aro daga Larabcin kasuwar Sudan, wanda lafazinsa daban ne ƙwarai. Sunan garin ma ya isa misali. Da Larabci القضارف ake rubuta shi. Harafin ق a bakin malaman ƙasar Hausa ƙ ne, harafin ض kuma l ne, shi ya sa muke cewa alƙali da larura da alwala. Da ta hannun malaman zaure sunan ya shigo mana, da Alƙalarif za mu riƙa cewa. Mutanen Sudan kuwa ق a wurinsu g ne, sai ya zama Gadarif. Za mu sake komawa ga wannan harafi.

Yadda injinan suka sami Hausa

Hanyar horar da irin waɗannan injina wasan cike gurbi ce. A ɗauko jimla, a rufe kalma ɗaya, a ce injin ya cinko ta. In ya kuskure a gyara lissafinsa, a maimaita sau miliyoyi. Kafin haka ana daddatsa rubutun zuwa gutsattsarin kalmomi. Harshen da ya yi yawa a cikin abin da aka tara yakan sami gutsattsari cikakku masu ma'ana, wanda ya yi ƙaranci kuwa sai a farfasa kalmominsa ƙanana-ƙanana. Injin ba ya sanin abin da bai gani ba.

Injin farko mai harsuna da yawa da ya shahara shi ne wanda Google ya fitar a 2018, ana kiransa mBERT. Daga Wikipedia aka ciyar da shi da harsuna 104, Yarabanci da Sawahili suna ciki, Hausa ba ta ciki. A 2019 Facebook ya fitar da XLM-R mai harsuna 100, wanda aka ciyar da rubutun da aka yaso daga shafukan intanet. A nan Hausa ta shiga, amma rabonta bai kai rabin gigabait ɗaya ba, alhali Ingilishi yana da kusan 300, Larabci kuma 28. Wani abin lura a cikinsa shi ne an ba Hindi da Urdu da Bengali gurbi biyu-biyu, ɗaya da rubutunsu na gado, ɗaya da haruffan Rumawa, saboda an san masu su suna rubutu ta hanya biyu. Hausa gurbi ɗaya aka ba ta, na boko.

Daga nan 'yan Afirka suka karɓi aikin. A 2021 Kelechi Ogueji da abokan aikinsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka gina AfriBERTa da harsunan Afirka 11, da rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba, kaso mai yawa daga labaran BBC, kuma ya yi gogayya da manyan injinan. A 2022 Jesujoba Alabi da David Adelani da abokansu a Jami'ar Saarland ta Jamus suka ƙara wa XLM-R horo da harsunan Afirka 17 haɗe da Larabci da Faransanci da Ingilishi, suka kira shi AfroXLMR. Sai dai Hausar jarida daban, ta waya daban. Mai rubutu a waya yana taƙaita na gode ya koma ngd, lafiya ta koma lfy, yana zubar da lanƙwasa har ƙasa da kasa su zama abu ɗaya, yana tsoma Ingilishi a tsakiyar jimla. Domin cike wannan giɓi ne Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da tawagarsa suka fitar da NaijaSenti a 2022: saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, mutane sun karanta su ɗaya bayan ɗaya sun sa musu alamar yabo ko kushe ko tsaka-tsaki. Da yake Twitter ba ya gane waɗannan harsuna da kansa, sai da suka yi dabara, suka nemo saƙonnin ta kalmomin da suka fi yawan fitowa a harshen da kuma wuraren da masu harshen suke zaune. Aiki ne mai wahala, kuma a ganina yana cikin mafi amfanin abin da aka yi wa Hausa a wannan fage. A 2023 aka faɗaɗa shi ya zama AfriSenti mai harsuna 14, har da Larabcin Aljeriya da na Maroko. Na Sudan bai shiga ba.

To, a ɗauki jimla biyu da na ƙirƙira domin darasi. Matashi a Kano ya rubuta: wlh motar nan ta bani haushi, tun safe take bamu problem. Injin da ya sha saƙonnin Nijeriya ya ga dubban irinta, zai ce kushe ne. Takwaransa a Gadarif yana so ya ce: arabiyyar mashru ta lalace, hanyar ka'ab ce. Mashru ita ce babbar gonar tarakta, ka'ab kuma a Larabcin Sudan mummuna ke nan, alhali a Larabcin littafi idon sawu ne. In ya rubuta da boko, injin zai gane rabin jimlar ya ɓata a rabi. In kuwa ya rubuta da haruffan Larabcin da ke kan wayarsa, waɗanda su ya koya a makaranta, to tun a matakin tantance harshe za a jefa saƙon cikin kwandon Larabci, ko a zubar da shi a matsayin shirme.

Mai karatu zai iya cewa ai magani shi ne a koya wa injin ajami. An fara share fage kuwa: Fallou Ngom da abokan aikinsa a Jami'ar Boston sun ɗauki hotunan dubban shafukan ajami na Hausa da Wolof da Fulfulde da Mandinka, kuma a 2020 hukumar Unicode ta ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke bukata. Amma a nan harafin ق yake dawowa. A ajamin Kano ق shi ne ƙ, غ kuma shi ne g. Wanda ya koyi karatu a makarantar gwamnati ta Sudan, in ya ji sautin g, ق hannunsa zai nufa, domin da shi yake rubuta sunan garinsu. Abin da shi ya rubuta yana nufin gari, malamin Kano zai karanta ƙari. Gasa ta koma ƙasa. Ga shi kuma allon wayar Larabci ba shi da alamar ɓ ko ts, wasulan e da o ba su da gurbi, kuma ba kowa ke sa wasali ba. Ashe rubutun Hausa da haruffan Larabci ba iri ɗaya ba ne, injin da ya koyi na Kano yana iya yin tuntuɓe a Gadarif.

Ranar da abin ya zama na rai da mutuwa

NaijaXLM-T an gina shi ne domin gano kalaman ƙiyayya. Masu shi sun tara saƙonni kusan 36,000 suka sa musu alama, suna bin zagin da ake yi wa Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa da Musulmi da Kirista da mata. Babban abin da suka gano ya cancanci a riƙe shi. Injinan da ake gwadawa a kan saƙonnin da aka tsinto da gangan saboda suna ɗauke da kalmomin zagi sukan ci jarrabawa da kyau, amma in aka sake su cikin saƙonnin yau da kullum sai ƙoƙarinsu ya faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka. Ƙarin horo da rubutun wurin da za a yi aikin shi ne ya ɗaga su. Wannan hujja ce a kan Nijeriya, kuma ita ce hujja a kan Sudan: in sauya samfurin gwaji kawai yana rage ƙarfin injin haka, ina ga sauya ƙasa da haruffa da harshen da ake cuɗawa da shi?

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta a cikin tsarin sarautun gargajiya, abin da ya taɓo maganar mallakar ƙasa. An kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum da wasu biranen. A Oktoba wutar ta sake tashi a yankin Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200. Kafin kisan da lokacinsa kafofin sada zumunta sun cika da kalaman tunzuri, jigonsu kuwa shi ne tsohon zancen 1897, wai Hausawa baƙi ne su koma inda suka fito. Da Larabcin Sudan aka rubuta wannan zagin. Injin da aka horar ya gane cin mutuncin Bahaushe a Legas ba shi da ido a nan, injin Larabcin littafi kuma bai san nauyin da kalmar Fallata take ɗauka in an jefa ta da gatse ba.

Ban ga laifin waɗanda suka gina injinan Nijeriya ba. Sun faɗi iyakar gonarsu. Inda nake da ja shi ne wurin da ake kwafe sakamakonsu a jadawali a rubuta Hausa a kansa, ba tare da ƙarin bayani ba, har ɗalibi ya ɗauka an auna harshen gaba ɗaya. Abin da aka auna shi ne Hausar boko ta mutanen birni masu Twitter a Nijeriya. Ko a Kano wannan yanki ne ƙarami na masu magana, balle a Damagaram ko Kumasi ko Gadarif, inda zance da yawa yake tafiya ta Facebook da saƙon murya na WhatsApp.

Tara rubutun ma ya ƙara wuya. A farkon 2023 Twitter ya rufe ƙofar da masu bincike suke ɗibar saƙonni kyauta. A Afrilun shekarar yaƙi ya ɓarke a Khartum. Da Madani ta faɗi a Disamba, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, a Fabrairun 2024 kuma intanet ta ɗauke a yawancin ƙasar. Wanda zai tattara Hausar Gadarif a irin wannan hali sai ya bi ta hannun 'ya'yan garin, ya nemi izinin masu saƙonnin, ya goge sunaye da lambobin waya, domin a ƙasar da ake tambayar asalin mutum a shingen bincike, jerin sunayen masu rubutu da Hausa abu ne mai hatsari. Zai bukaci masu sa alama waɗanda suka iya Hausa da Larabcin Sudan duka biyu. Kuma in ya zo juya saƙon zuwa boko, ya ajiye shi layi biyu: na sama yadda mai shi ya rubuta, da ق ɗinsa, na ƙasa yadda yake furta shi.